In Ƙarfin Mai Tseren Keke Ya Ragu A Ma'auni

Duk wanda ya saba hawan keke daga gida zuwa ofis ko makaranta ya san akwai ranar da ƙafa ta ke da sauƙi, akwai kuma ranar da feda ta ke yin nauyi sai ka ce an ɗaura mata dutsen niƙa, alhali kuwa hanyar ita ce ta jiya, keken ma shi ne na jiya. Mu da mu ke hawa don biyan bukata ba mu damu da wannan ba. Sai mu ce yau jiki ya mutu, in mun iso tudu mu sauka mu tura. Amma akwai waɗansu mutane waɗanda keke shi ne sana'arsu, ko kuwa shi ne abin da suka ba zuciyarsu bayan an tashi daga aiki, watau masu tsere. Su ba su yarda da zancen mutuwar jiki ba sai sun gani a lissafe. Suna da wata na'ura a jikin kekensu mai auna ƙarfin da ƙafarsu ta ke fitarwa, kuma bayan kowaɗanne 'yan makonni su kan yi wa kansu gwaji da ita, don su ga ko wahalar horon da suka sha ta haifi wani abu. To, wani lokaci sai mutum ya kwashe mako shida yana zubar da gumi, ya zo ranar gwaji yana sa ran ƙari, ma'auni ya nuna masa ragi. Abin da ya kamata ya yi a wannan rana shi mu ke so mu duba, gama a nan ne da yawa su kan ɓata aikin shekara guda da hannunsu.

Bari mu fara da ita na'urar. Wani injiniya Bajamushe, Ulrich Schoberer, shi ya ƙera irin wadda a ke ɗaura wa keken tsere a shekarar 1986, ya kafa kamfanin SRM. A jikin ƙarfen nan da ke riƙe da feda a ke manna waɗansu 'yan siraran abubuwa masu jin lanƙwasa. In an taka feda ƙarfen ya kan ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ido ba ya gani, su kuwa su ji. Na'urar sai ta haɗa nauyin takun da saurin juyawar feda, ta fitar da lamba. Sunan ma'aunin wat, daga sunan James Watt, mutumin Sikotlan wanda ya gyara injin tururi. Wat 746 shi ne abin da a ke kira ƙarfin doki ɗaya, wanda mu ke gani a rubuce jikin injin niƙa da injin ban ruwa. Amfanin wannan lamba shi ne ba ruwanta da iska ko gangare. Gudu ya kan yi ƙarya: iska ta turo ka daga baya ka ga kana tashi kamar shirwa, ka ɗauka ƙarfinka ne. Wat kuwa abin da ƙafa ta bayar kaɗai ya ke ƙirgawa.

Lambar da masu tsere suka fi damuwa da ita ita ce iyakar ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kimanin sa'a guda ba tare da ya sare ba. Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, FTP, mu kuwa za mu ce ƙarfin sa'a. Wani masani Ba'amurke, Andrew Coggan, shi ya yaɗa ta, musamman a littafin da suka rubuta da mai horaswa Hunter Allen, wanda ya fito a 2006. Da ya ke sa'a guda cur ta iyakar ƙoƙari azaba ce wadda ba kowa zai so maimaitawa ba, sai aka nemi gajeriyar hanya. A tuƙa na minti 20 da iyakar ƙarfi, a duba matsakaicin lambar, a ɗebe kashi 5 cikin 100. Akwai kuma gwajin matakala, inda a ke ƙara nauyi, galibi wat 20 ko wane minti, har ƙafa ta ƙi juyawa, sa'an nan a ɗauki kashi 75 cikin 100 na mintin da ya fi ƙarfi. Daga wannan lamba ɗaya a ke yanka dukan aikin makonnin gaba: wannan rana a tuƙa da kaza, waccan da kaza. Shi ya sa raguwarta ta ke tayar da hankali.

A ɗauka wani saurayi ya yi gwajin minti 20 ya sami wat 260, watau ƙarfin sa'arsa 247 ke nan. Ya yi mako shida yana horo babu fashi, ya sake gwaji, ya sami 250. Wat 10 sun tafi, kusan kashi 4 cikin 100. Abin da zuciya za ta fara gaya masa shi ne: ka yi lalaci, ƙara wuta. A ganinmu wannan ita ce shawara mafi muni da zai iya bi, kuma ga dalili. Gwajin nan ba ƙarfin mutum tsantsa ya ke aunawa ba. Abin da ya ke nunawa shi ne ƙarfin da ya rage bayan gajiya, da zafi, da yunwa, da damuwa sun ɗebi rabonsu a wannan rana, a kan wannan ma'auni. Malaman akawu sun san bambancin dukiyar mutum da kuɗin da ke cikin akwatinsa ranar da mai binciken lissafi ya iso. Attajiri ya kan wayi gari akwatinsa babu kome domin kuɗin suna waje cikin kaya da bashi, ba wanda zai ce ya tsiyace saboda haka.

Kafin a tuhumi jiki, a tuhumi sikeli. Wanda ya kai gyaɗa kasuwa aka ce masa buhunsa ya ragu, ai ba gona zai koma da gudu ba, sikelin zai fara duba. Masu ƙera waɗannan na'urori da kansu suna cewa kuskurensu ya kan kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100, sama ko ƙasa. Ga saurayinmu kashi 2 ɗin nan wat 5 ne, rabin abin da ya ke kuka a kai. Ƙarfe kuma yana jin sanyi da zafi, saboda haka a ke so a mayar da na'urar kan sifiri kafin ko wane gwaji, kamar yadda a ke daidaita sikeli babu kaya a kansa. Akwai wani abu kuma da ya kan ruɗi mutane ƙwarai. Waɗansu na'urori masu araha ƙafar hagu kaɗai su ke aunawa, su ninka biyu. To, in ran gwajin fari ƙafafun biyu sun raba aiki daidai, ran na biyu kuwa hagu ta ɗauki kashi 48 dama ta ɗauki 52, ko don wani ɗan tsami a gwiwa, ko don an taɓa tsayin sirdi, sai hagu ta ba da kimanin wat 125, a ninka a sami 250. Mutumin nan 260 ɗinsa na nan ba abin da ya taɓa su, amma na'ura ta rantse ya ragu da 10. Wanda kuwa ya yi gwajin fari da wata na'ura, na biyu da wata, ko na fari a kan hanya, na biyu a ɗaki bisa keken girke, wannan mudu biyu ya auna da su, babu abin da zai kwatanta.

Sai zafi, wanda mu a nan ba mu bukatar a ba mu labarinsa. Jikin ɗan Adam inji ne mai ɓarna: cikin abin da ya ƙona, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka ya ke isa feda, saura duk zafi ne. Watau mai fitar da wat 250 yana kuma haifar da zafin wat 750 ko fiye a cikin jikinsa, wanda tilas a fitar da shi ta fata. Jinin da ya kamata ya tafi tsokar cinya sai a raba shi, wani ya tafi fata don sanyaya jiki. A 1997 waɗansu masana biyu a Abadin ta ƙasar Sikotlan, Galloway da Maughan, suka sa mutane tuƙa keken girke da nauyi iri ɗaya har su gaza, a ɗaki mai sanyi da mai zafi. A digiri 11 sun jure fiye da sa'a ɗaya da rabi. A digiri 31 ba su kai sa'a guda ba, minti hamsin da 'yan kai suka yi. Digiri 31 fa, wanda mutumin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai kira sauƙi a watan Afrilu! Wanda ya yi gwajinsa na fari da sanyin safiyar hunturu, na biyu kuwa cikin bazara, ya ce ƙarfinsa ya ragu, bai yi wa kansa adalci ba. Haka wanda ke gwaji a ɗaki babu fanka, domin iskar da ke busar da gumi a kan hanya ba ta nan.

Ciki ma yana da magana. Tsoka tana da ɗan rumbunta inda ta ke ajiye wani irin sitaci, shi ne man da ta ke ƙonawa in aiki ya yi tsanani. Masanan ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman da abokan aikinsu, sun nuna haka tun 1967: mutanen da aka ciyar da nama da mai kaɗai na 'yan kwanaki sun gaza bayan kamar sa'a guda a kan keke, su ɗin dai da aka ciyar da su abinci mai sitaci suka yi kusan sa'a uku. Sau da yawa mai tsere ya kan ƙara horo kuma ya rage tuwo a lokaci guda, wai don ya yi sauƙin hawan tudu, sa'an nan ya yi mamakin lambarsa.

Akwai wani bincike da mu ke tsammani zai fi jan hankalin masu karatunmu, domin ya shafi masu aikin biro da allo. A 2009 Samuele Marcora da abokansa a jami'ar Bango ta ƙasar Wales suka sa mutane aikin ƙwaƙwalwa mai gajiyarwa a gaban kwamfuta na minti 90, sa'an nan suka ɗora su a keke. Wata rana kuma suka bar su suna kallon majigi na minti 90 kafin hawan. Bayan kallo sun jure kimanin minti 12 da rabi. Bayan aikin ƙwaƙwalwa ba su kai minti 11 ba. Zuciyarsu da tsokarsu ba su nuna wani bambanci ba, abin dai ya fi yi musu wuya ne a rai, suka saki da wuri. Malamin da ya yini yana duba takardun jarrabawa, ko akawun da ya kwana yana neman kobon da ya ɓace a lissafin ƙarshen wata, in ya hau gwaji da la'asar ɗin nan ba shi ne mutumin da ya hau ran hutu da safe ba. Kuma gwajin minti 20 kansa yana da dabara. Wanda ya fita da zafin nama a minti biyar na farko zai biya bashi a goma na ƙarshe.

In duk an duba waɗannan ba a sami mai laifi ba, to an iso kan babban al'amari, watau gajiyar horo kanta. Horo ba ya ƙara ƙarfi a ranar da aka yi shi, ragewa ya ke yi. Yana ƙone ajiyar tsoka, yana ɗan yayyaga zarenta, sai an huta an ci an yi barci jiki ya gyara ɓarnar, ya ɗan ƙara a kai don gaba. A 1975 wani masani a Kanada, Eric Banister, da abokan aikinsa suka sa wannan cikin lissafi. Suka ce ko wane horo yana barin abu biyu a jiki, ƙarfi da gajiya, kuma abin da mutum zai iya yi a ko wace rana shi ne ƙarfin a ɗebe gajiyar. Gajiya ta fi girma da fari amma tana saurin gushewa, ƙarfi kuwa ƙarami ne amma yana daɗewa. Masu lissafin horo na yanzu galibi su kan auna gajiya da aikin kwana 7 da suka wuce, ƙarfi kuwa da na kwana 42. To, ka ga wanda ya yi gwaji a ƙarshen mako uku masu tsanani ya zaɓi ranar da gajiyarsa ta fi ko yaushe yawa. Ƙarfin da ya tara yana nan a ƙasa, kamar shukar da ba ta tsiro ba tukuna. Wanda ya tone rami kwana biyu bayan shuka don ya ga ko iri ya kama, ai ba ƙasa ce ta cuce shi ba.

Shi ya sa manyan masu tsere ba su zuwa babbar gasa kai tsaye daga horo mai tsanani, ba a fafe gora ranar tafiya. A 2007 Laurent Bosquet da abokansa suka tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga abin da ya fi amfani shi ne a yi kamar mako biyu ana rage yawan horo da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, amma ba a rage zafinsa ba. Watau a gajarta tafiya, a bar 'yan guje-guje masu ƙarfi a ciki don kada ƙafa ta yi barci. Ribar da a kan samu daga wannan ragi ita ma 'yan kashi kaɗan ce cikin ɗari, kusan daidai da abin da saurayinmu ya ke tsammani ya ɓatar.

Hatsarin yana wajen wanda bai san haka ba. Ya ga ragi, ya ƙara horo, gajiya ta ƙaru, gwaji na gaba ya fi muni, ya sake ƙarawa. A 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na masanan wasanni, ɗaya ta Turai ɗaya ta Amurka, suka fitar da matsaya guda a kan wannan, suka kasa shi hawa uku. Na fari gajiya ce mai amfani, wadda hutun 'yan kwanaki zuwa mako biyu ke warkarwa, har mutum ya dawo ya fi da. Na biyu ita ce wadda ta wuce gona da iri, sai an yi makonni ko watanni kafin a dawo, kuma babu wata riba a ƙarshe. Na uku ciwo ne sosai, wanda ya kan ɗauki watanni da yawa, wani ma ba ya komawa yadda ya ke. Abin tsoron shi ne babu wani awon jini guda da zai gaya maka a wane hawa ka ke. Sai bayan an huta, a ga tsawon lokacin da jiki ya ɗauka, sa'an nan a sani.

Amma jiki magayi ne ga mai saurare. Mafi yawan masu ma'aunin ƙarfi suna kuma ɗaura maɗaurin ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, kuma haɗa lambobin nan biyu ya fi ko wace ɗaya amfani. In zuciya tana bugawa fiye da yadda ta saba a kan nauyin da aka saba, a nemi zafi, ko ƙishirwa, ko zazzaɓi mai tasowa, ko kuwa dogon fashi. In kuwa ƙafa ta yi nauyi, ana takawa da iyakar ƙoƙari amma zuciya ta ƙi hawa inda ta saba kaiwa, galibi gajiya ce mai zurfi. A haɗa da barcin da ba ya ƙosarwa, da saurin fushi, da mura a kai a kai, da ƙin ganin keken ma gaba ɗaya. Matar gida ta kan riga na'ura ganin waɗannan.

Ba mu ce ƙarfi ba ya raguwa da gaske ba. Yana raguwa. Edward Coyle da abokansa a Amurka sun nuna a 1984 cewa ƙwararrun da suka daina horo ɗungum sun rasa kimanin kashi 7 cikin 100 na iskar da jikinsu ke iya sarrafawa cikin mako uku. Amma wannan na wanda ya ajiye keke ne, ba na wanda ya sauƙaƙa na kwana biyar ba. Haka kuma wanda ya yi wata biyu yana doguwar tafiya a hankali kaɗai zai iya ganin ragi a gwajin matakala, domin wannan gwaji yana son mai zafin nama, ko da ya ke jimirinsa ya ƙaru.

Sauran abu ɗaya, shi ne wanda hutu ba ya warkarwa. Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren zagayen Faransa a 1986, an harbe shi bisa kuskure wajen farauta a 1987, ya daɗe yana jinya. A tseren zagayen Italiya na 1989 sai a ke barinsa a baya a kan duwatsu, har mutane suka ce ya ƙare. Ashe ƙarancin jini ne. Aka yi masa allurar sinadarin ƙarfe, ya zo na biyu a tseren agogo na ranar ƙarshe, bayan 'yan makonni kuma ya ci zagayen Faransa, ya riga Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal bayan mako uku ana gudu. Jajayen ƙwayoyin jini su ke ɗaukar iska zuwa tsoka, in sun yi kaɗan babu horon da zai cike gurbinsu. A ƙasashenmu kuwa zazzaɓin cizon sauro waɗannan ƙwayoyi ya ke fasawa, saboda haka wanda ya tashi daga zazzaɓi kada ya yi mamaki in lambarsa ta daɗe ba ta dawo ba. Sai dai kada kowa ya sayi maganin ƙarin jini ya sha don ya ji labarin LeMond, gama ƙarfen da ya yi yawa a jiki shi ma cuta ne. Likita ne zai auna ya faɗa.

Ga shawararmu ga saurayin nan mai wat 250. Kada ya sake gwaji gobe don huce haushi, kada kuma ya ƙara horo. Ya rubuta a littafinsa yadda ranar ta kasance: lokaci, da zafi, da abin da ya ci, da barcin da ya yi, da aikin kwana bakwai na baya. Ya ɗauki kwana biyar zuwa bakwai yana tuƙi mai sauƙi, ya ci ya ƙoshi, ya yi barci. Sa'an nan ya maimaita gwajin nan dai, a keken nan, da na'urar nan, a wurin nan, a irin wannan lokaci. In lamba ta dawo ko ta wuce, gajiya ce, sai ya riƙa sa makon sauƙi bayan ko wane mako biyu ko uku masu tsanani. In ta tsaya a 250 amma jiki lafiya, to ya karɓe ta, ya yanka aikinsa daga 238 maimakon 247. Mun san wannan yana da ɗaci, amma wanda ya riƙe tsohuwar lamba don kunya zai mayar da ko wace ranar matsakaicin aiki ta zama ranar azaba, ya kai kansa hawa na biyu da ƙafarsa. In kuwa an yi mako biyu ko uku ana hutu lamba tana ƙara sauka, ko ana jin haki da jiri, ko ciwon ƙirji, ko zuciya tana tsalle, a bar keke a tafi asibiti.

Mark Cavendish, ɗan tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, yana cikin mafiya gudu da aka taɓa gani a kan keke. A watan Afrilu na 2017 aka same shi da ƙwayar cutar nan ta Epstein-Barr, mai kawo zazzaɓi da kumburin kaluluwa da kasala mai tsawo. Ya ɗan huta, ya koma tsere. A 2018 aka fitar da shi daga zagayen Faransa domin ya kasa isowa cikin lokacin da aka yanka a wata ranar hawan duwatsu. A watan Agusta na shekarar aka sake auna jininsa, aka ga ashe ya yi watanni yana horo yana tsere da cutar a jikinsa bai sani ba. Shekarar 2019 da ta 2020 duka suka wuce bai ci tsere ko ɗaya ba. Sai a 2021 ya dawo ya ci rana huɗu a zagayen Faransa, ya kamo Eddy Merckx na Beljiyam mai 34, ran 3 ga watan Yuli na 2024 kuma ya ci ta 35, yana da shekara 39.